Abin da Ke Cin Sabon Malami a Shekararsa ta Farko

Koyarwa na cikin tsirarun sana'o'in da ake ɗora wa sabon shiga cikakken nauyi tun ranar farko. Likitan da ya gama makaranta yakan yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin manya kafin a bar shi da majinyaci shi kaɗai. Matuƙin jirgin sama yakan daɗe a kujerar mataimaki. Shi kuwa malami, a yawancin makarantun duniya, miƙa masa jadawali da rajista ake yi, a nuna masa aji, a ja ƙofa. Abin da ake jira daga gare shi a wannan safiya, shi ake jira daga wanda ya shekara 20 yana riƙe da alli. Sau da yawa ma ajin da tsofaffin hannu suka kauce wa shi ke faɗowa a kansa, tunda bai isa ya zaɓa ba.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin wannan giɓi na maye gurbin masu barin aikin ne. Yawan malaman firamare da ke ajiye aiki a shekara ya tashi daga kusan kashi 4.6 cikin 100 a 2015 zuwa kusan kashi 9 a 2022. A Ingila, kusan ɗaya cikin kowane malamai uku kan bar aikin cikin shekaru biyar da samun shaidar koyarwa. A Amurka masana sun saɓa a kan adadin: Richard Ingersoll ya ƙiyasta kashi 44 cikin 100, wani binciken gwamnatin tarayya da ya bi sawun waɗanda suka fara aiki a 2007 kuma ya samu kashi 17. Ko wanne aka ɗauka, shekarun farko su ne mafi hatsari.

Albashi na da hannu, babu musu. Amma idan aka tambayi sababbin malaman da kansu abin da ya fi damunsu a wurin aiki, amsar ta daɗe ba ta canza ba. A 1984 wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara bincike 83 daga ƙasashe daban-daban kan matsalolin sababbin malamai. Wadda ta zo kan gaba ita ce riƙe aji: surutu, rashin jin magana, yaron da ke neman ganin iyakarka. Bayanta sai zaburar da ɗalibai, da tafiya da bambancin da ke tsakaninsu, da auna aikinsu, da hulɗa da iyaye. Rashin sanin darasin da za a koyar bai shiga sahun farko ba. Mutum ya kwashe shekaru yana koyon lissafi ko nahawu da dabarun koyar da su, sai ya tarar abin da ke hana shi barci shi ne dariyar da aka yi a bayan aji lokacin da ya juya yana rubutu a allo, bai kuma san ko da shi ake ba.

Akwai dalilin da ya sa abin ke zuwa masa ba zato. Dan Lortie ya lissafa a 1975 cewa kafin ɗalibi ya gama sakandare ya yi kusan awa 13,000 yana kallon malamai suna aiki. Shi ya sa kusan kowa ke ganin ya san koyarwa. Sai dai abin da ɗalibi ke gani daga kan benci fuskar aikin ce kawai. Yana ganin malama ta yi shiru na ɗan lokaci aji ya nutsu. Ba ya ganin lissafin da ta yi a cikin wannan shirun, ko fushin da ta sauke kafin ta buɗe baki. Philip Jackson, wanda ya zauna a azuzuwan firamare yana lura a shekarun 1960, ya ƙiyasta cewa malami kan yi mu'amala da yara har sau 1,000 a yini. Kowace ɗaya ƙaramar shawara ce da za a yanke nan take, a gaban idanu masu yawa, ba damar fita waje a sha iska a dawo.

A nan ne ake shigo da batun basirar motsin rai. Peter Salovey da John Mayer ne suka kafa wannan tunani a fagen ilimi a 1990, daga baya suka tsara shi zuwa iyawa huɗu: gane motsin rai a fuska da murya, naka da na wani, amfani da shi wajen tunani, fahimtar inda yake fitowa da inda yake dosa, da kuma sarrafa shi. Littafin Daniel Goleman na 1995 shi ya kai maganar kasuwa, ya kuma faɗaɗa ta har ta haɗiye himma da kyakkyawan zato da iya zama da mutane. Wannan faɗaɗawa ta jawo suka mai tushe, domin abin da aka cusa wa kowace kyakkyawar ɗabi'a a ciki ya daina bayyana komai. Ni dai ma'anar farko ce ta fi gamsar da ni, ita ce kuma ke da amfani ga malami, saboda ta ɗauki abin a matsayin gwaninta da ake koyo, ba hali da aka haifi mutum da shi ba.

Daga cikin huɗun nan, ta ƙarshe ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da an ce sarrafa motsin rai, abin da ke zuwa wa mutane shi ne haɗiye fushi: ka danne, ka saki fuska, kada yara su gane sun taɓa ka. Ita ce ma shawarar da sabon malami ya fi ji a ɗakin malamai. James Gross na Jami'ar Stanford ya daɗe yana gwada wannan hanya a ɗakin bincike tun shekarun 1990, yana kwatanta ta da wata hanyar: sake fassara abin da ya faru tun kafin fushin ya kankama. Abin da ya samu ya cancanci kowane mai horar da malamai ya sani. Dannewa na ɓoye alamun a fuska, amma ba ta rage zafin da ke cikin rai. Jiki ma ƙara tashi yake yi. Tana kuma cin hankali: waɗanda aka umarta su danne abin da suke ji sun fi manta bayanan da aka gabatar musu a lokacin. Har abokin hira ba ya tsira, domin a wani gwaji da aka wallafa a 2003 an ga hawan jini ya ƙaru a jikin mutanen da aka haɗa hira da masu danne motsin ransu. Sake fassara kuwa na rage zafin tun daga tushe, ba tare da wannan asara ba.

A kai wannan cikin aji. Yarinya ta kifa kai a kan tebur, malami na tsakiyar bayani. Ya ce ta ɗago, ta ɗago a hankali, ta yi masa wani kallo, aji ya yi tsit yana jiran abin da zai biyo baya. A cikin daƙiƙa biyu ko uku zuciyar malamin ta riga ta ba abin suna. Idan sunan da ta ba shi «raini» ne, to fushi ya zo ke nan, abin da ya rage masa shi ne ya fashe ko ya haɗiye, kuma duka biyun suna da tsada. Idan ya fashe, ya sayar da darasin ya sayi rigima, yaran kuma sun gano inda ake taɓa shi. Idan ya haɗiye, zai ƙarasa darasin da rabin hankalinsa, rabin na can yana gadin fuskarsa, ya kuma tafi gida da abin a ƙirji. Gogaggiyar malama da ta ga irin wannan sau da yawa ba lallai ta fi shi ƙarfin zuciya ba. Abin da ta fi shi shi ne yawan fassarori. Ta san yaro kan kifa kai don bai yi barci ba, ko don an yi faɗa a gida, ko don darasin ya ɓace masa tun minti goma da suka wuce kuma ya gwammace a ce masa mara kunya da a ce masa daƙiƙi. Ta san kallon nan sau da yawa na 'yan aji ne, ba nata ba: yarinyar na kare mutuncinta ne a gaban ƙawaye. Don haka sai ta wuce ta gefen teburin, ta ce a hankali, «Ki same ni bayan darasi,» ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta danne komai ba, domin fushin bai taso ba balle a danne shi.

Kada a ɗauka wannan na nufin a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Wani lokacin raini ne da gaske, kuma dole a tsawata. Amma hukuncin da aka yanke da sanyin kai ya fi daidaituwa, kuma yara na da saurin gane bambancin malamin da ke kare dokar aji da wanda ke rama abin da aka yi masa.

Me ya sa sabon malami ya fi saurin fassara komai da raini? Frances Fuller ta ba da amsa tun 1969: damuwar mai fara koyarwa takan fara ne daga kansa. Shin na isa? Suna ganin girmana? Me shugaban makaranta zai ce idan ya ji hayaniya daga ajina? Sai bayan wannan ta lafa damuwar ke komawa kan aikin, daga nan ta koma kan ko yaran na koyon wani abu. Wanda tambayar «shin na isa» ke ci masa rai, kowane motsi a aji amsa ce ga tambayarsa. Ba son kai ba ne. Matakin da yake ne. Kuma jin cewa mataki ne da kusan kowa ke ratsawa na rage nauyin, abin mamaki kuwa ba kasafai ake gaya musu ba.

Sai kuma wani ɓangaren aikin da ba ya cikin takardar ɗaukar aiki. Arlie Hochschild ta wallafa nazarinta kan ma'aikatan cikin jirgin sama a 1983, ta nuna cewa akwai sana'o'in da ake biyan mutum har da fuskarsa: dole ya nuna fara'a ko nutsuwa ko da ba haka ransa yake ba. Ta bambanta mai yin hakan a fatar baki da wanda ke ƙoƙarin juya abin da yake ji da gaske ya dace da abin da yake nunawa. Koyarwa na cikin irin waɗannan sana'o'i, har ma ta fi wuya, domin fasinja na sauka bayan 'yan awoyi, ɗalibi kuwa gobe ma yana nan, yana kuma tuna jiya. Malami na nuna sha'awar darasin da ya maimaita sau huɗu a yini, yana nuna fushin da bai ji ba don aji ya shiga taitayinsa, yana ɓoye dariya, yana sauraron uban da ke ɗora masa laifin faɗuwar ɗansa cikin ladabi. Binciken da aka yi a kan malamai ya sha nuna cewa yin wannan a fatar baki kullum na tafiya tare da gajiyar zuci.

Ita wannan gajiya an yi mata ma'auni. Christina Maslach da Susan Jackson sun fitar da shi a 1981, da alamu uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, sanyin rai ga mutanen da kake yi wa aiki har ka daina ganinsu a matsayin mutane, da jin cewa aikinka ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a kundin rarraba cututtuka a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ta kuma fayyace cewa ba cuta ce a kan kanta ba. Alama ta biyu ce ta fi ba ni tsoro, saboda daga waje kama da ƙwarewa take yi. Malamin da watanni shida baya yake zuwa ofis idonsa ya yi ja saboda wani yaro, yanzu ya daina. Ajinsa shiru. Ana cewa ya goge. Alhali wani lokacin abin da ya faru shi ne ya janye zuciyarsa daga aikin, sunayen yara sun koma «waɗancan», ya daina tambayar dalilin da ya sa wane bai zo ba.

Patricia Jennings da Mark Greenberg sun bayyana a 2009 yadda abin ke gangarowa: malami ya gaji, haƙurinsa ya ragu, ya yawaita tsawa da hukunci, yara su ƙara taurin kai, gajiyarsa ta ƙaru. Kuma ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2016, kan ɗalibai 406 da malamai 17, ya auna sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa a halin matsi, a cikin yawun yaran. An samu alaƙa tsakanin yawan gajiyar malami da yawan sinadarin a jikin ɗalibansa da safe. Binciken bai nuna wanne ke haddasa wanne ba, mai yiwuwa ma kowanne na ciyar da ɗan'uwansa, amma ya isa ya nuna cewa lafiyar zuciyar malami ba lamarinsa ne shi kaɗai ba.

To, shin basirar motsin rai na kare malami daga wannan? Bincike da yawa ya samu cewa malaman da suka fi maki a ma'auninta sun fi ƙarancin gajiya, sun fi jin daɗin aiki. Sai dai a yi hattara da wannan sakamako. Yawancinsa tambayar mutum ake yi ya auna kansa, a rana ɗaya a tambaye shi ko ya iya sarrafa ransa, a kuma tambaye shi ko ya gaji. Wanda ke cikin walwala zai ba kansa maki mai kyau a duka biyun, wanda duniya ta yi wa zafi zai rage wa kansa a duka biyun. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta gwajin da aka raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. An yi irin wannan a birnin New York da malamai 224 a makarantun firamare 36, a ƙarƙashin wani shiri mai suna CARE, aka wallafa sakamakon a 2017. Waɗanda aka horar sun nuna ƙarin iya daidaita motsin rai da raguwar damuwa, masu lura da suka shiga azuzuwansu kuma sun ga ɗan ingantuwa a yadda suke mu'amala da yara. Ba juyin juya hali ba ne, amma ya tabbatar da cewa abin na koyuwa.

Wasu dabarun ma ƙanana ne. Ba wa abin da kake ji sunansa na gaskiya na daga ciki. Binciken hoton ƙwaƙwalwa da Matthew Lieberman da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa ambaton sunan motsin rai na rage tashin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da fargaba. Ga malami amfanin ya wuce nan. «Raina a ɓace yake» ba ta nuna hanyar fita. Amma idan ya tantance cewa kunya ce, don an ga ya rikice a allo, maganin shi ne ya ƙara shirya wannan darasi. Idan tsoro ne na mai duba aiki, maganin daban ne. Idan baƙin ciki ne don yaron da ya yi wa wahala ya sake faɗuwa, wannan ba abin gyara ba ne, abin faɗa wa wani ne.

Inda nake rabuwa da masu tallata wannan fanni shi ne lokacin da aka mai da shi madadin gyaran wurin aiki. Yana da arha ga hukuma ta shirya taron bita na yini ɗaya kan juriya da numfashi, ya fi rage yawan ɗalibai a aji ko rage takardun cikewa sauƙi nesa ba kusa ba. Saƙon da sabon malami ke ɗauka daga irin wannan taro shi ne: idan ka gaji, kai ne ba ka iya ba. Masu nazarin aiki, irin su Arnold Bakker da Evangelia Demerouti, sun daɗe da nuna cewa gajiya na fitowa ne daga rashin daidaito tsakanin abin da aiki ke nema da abin da aka tanadar wa mai yinsa: lokaci, kayan aiki, goyon bayan shugaba, 'yancin yanke shawara. Gwanintar sarrafa rai ɗaya ce daga cikin tanadin, kuma ita ma tana ƙarewa. Sake fassara na buƙatar hankali mai sarari. Wanda ya kwana yana duba takardu, ya shiga aji na shida a jere, albashinsa kuma ya makara, fassarar farko da ta zo masa ita zai kama. Akwai kuma yanayin da fushi ne daidai. Malamin da aka zalunta a wurin aiki ba ya buƙatar a koya masa kallon zaluncin ta wata fuska.

Abin da ya fi kowace bita tasiri, a ganina, shi ne gogaggen malami a kusa, domin tarin fassarorin nan da muka ce gogaggiyar malama na da su, daga bakin wani ake samunsu da sauri fiye da jiran shekaru. Binciken nan na Amurka da ya bi sawun malaman 2007 ya samu cewa a shekara ta biyar kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka ba jagora a shekarar farko na nan suna koyarwa, waɗanda ba a ba su ba kuwa kashi 71. Duk da haka binciken ƙasa da ƙasa kan malamai mai suna TALIS, na 2018, ya nuna cewa a ƙasashen ƙungiyar OECD, masu arziki ke nan, kashi 22 cikin 100 ne kacal na sababbin malamai ke da jagoran da aka naɗa musu. Japan ta wajabta horon shekara guda ga sabon malami tun 1989. Ingila, daga Satumban 2021, ta mai da lokacin rainon shekara biyu, da jagora, da rage kashi 10 cikin 100 na jadawali a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu. Sharaɗi ɗaya ne ke yawan lalata tsarin: idan jagoran shi ne kuma mai rubuta rahoton da za a tabbatar da mutum a aiki da shi, ba wanda zai zauna a gabansa ya ce, «Jiya na ji kamar in fita ajin kada in dawo.»

Lokacin da ake kawo taimakon ma abin dubawa ne. Ellen Moir, wadda ta yi aiki da sababbin malamai a Kalifoniya, ta zana yadda shekarar farko ke tafiya: ɗoki kafin a fara, sai fafutukar tsira a makonnin farko, sai sagewar gwiwa bayan mako shida zuwa takwas na aiki ba hutu, sai farfaɗowa bayan dogon hutun tsakiyar shekara. Yawancin makarantu na ƙare duk tarbarsu a makon farko, lokacin da sabon malami ke cike da ɗoki kuma bai san tambayar da zai yi ba. Wata na biyu da na uku, lokacin da gwiwarsa ta sage, su ne kuma suka dace da ganawar farko da iyaye da zuwan mai duba aiki ajinsa karo na farko. Makarantar da ba ta da kuɗin wani shiri na musamman tana iya ɗage wannan dubawa zuwa zango na biyu, ta cire masa darasi ɗaya a mako a waɗannan watanni, ta tura shi ya zauna a bayan ajin wani gogagge ya ga yadda yake yi da yaran nan da suka gagare shi.